Kalmar da Joji Ya Soke

Yayana majemi ne a Ƙofar Kware. Kamar kowane majemi, yana da shaidarsa: huji uku na basilla a wuyan kowace fatar akuya da ya jeme. Ni karatun allo kaɗai na yi. Turanci a kicin ɗin wani Bature na tsince shi, har na zama tafinta a ofishin Joji.

Wata rana ina rangadi, aka sace fatu a sito na wani kamfanin Turawa. Aka ga ɗaurin fatu a hannun yayana, aka kama shi. Sau uku Sarkin Majema yana zuwa ƙofar Jojin wancan lokaci don a duba wuyan fatun, sau uku ana korarsa. Kafin in dawo an ɗaure yayana. Ciwon ciki ya kashe shi a gidan yari. Mutane kaɗan ne suka zo mana ta'aziyya, domin sunan ɓarawo ya bi shi har kabari.

Bayan damina aka kama ɓarawon gaskiya a Dundaye da fatun da aka sace. A lokacin an canza Joji. Sabon ya rubuta takarda kan shari'ar yayana, ya ce in fassara wa sanƙira ya yi shela a kasuwa. Na karanta. Kalmar da ya sa ita ce "mistek". Na san ta sarai, ita nake faɗa a kicin idan na zuba gishiri a shayi.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Kuskure? Ɗana anka kashe, ba tulu anka fasa ba. In wannan za ka kai kasuwa, kak ka ce ni na haife ka."

Da safe na roƙi Sarkin Majema ya raka ni. Ya ɗauko fata biyu, ya shimfiɗa su a teburin Joji, warin bagaruwa ya cika ofis.

Ya nuna tsaga a jikin ta farko. "Gaya mishi wanga shi ne kuskure. Wuƙa ta zame, mai ita bai nufa ba, kuma shi da kanshi ya kawo ya nuna."

Na fassara. Sarkin Majema ya juya fata ta biyu, ya ɗora yatsa kan huji ukun.

"Gaya mishi wagga shaida ko makaho ya shafa ya san mai ita. Sau uku ina zuwa. Ƙafar dogari dai na gani."

Joji ya ce da ni gwamnati ba ta saba rubuta abin da ya wuce haka ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ke da harshenka. Amma wanda aka gaya wa ya ƙi ji, hannunsa bai zame ba. Idan da wata kalma a Turanci, a sa ta. Idan babu, a nemi wani tafinta."

Ban janye ba. Joji ya daɗe yana duban hujin nan. Sannan ya tsoma alƙalami, ya soke kalmar, ya rubuta wata a samanta. Ya karanta mini: "injastis". Ban taɓa jin ta ba. Na tambayi ma'anarta, ya ce a hana mutum haƙƙinsa alhali ana da ikon ba shi.

Na ce, "Mu zalunci muke cewa."

Ya ce, "To, faɗi haka."

Ranar kasuwa sanƙira ya faɗe ta da ƙarfi, ya ambaci sunan yayana. Majema suka bar fatu a ruwa suka biyo ni gida. Inna ta ce a fito da tabarmi. Ta'aziyyar da ba a yi ba, ranar aka yi ta, har sai da muka aro tabarmin maƙwabta.