Jan Ruwa a Gindin Dam ɗin Surukina

Abubuwa da yawa sun ɓace mini a rayuwa, har da sunayen ɗaliban da na koyar shekara uku a jere. Amma akwai wata Asabar ta watan Agusta, da 'yar maganar da na yi wa surukina a bakin ruwa a ranar, waɗanda na san da su za a kai ni kabari.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Kafanchan, yanzu dai na yi ritaya. Kowa da abin da ke ɗauke masa hankali, wani ƙwallo, wani farauta, wani waƙar coci. Ni kuwa dam ne ya kama ni, tun lokacin da aka kai mu Tiga muna kwalejin horon malamai. Da an ba da dogon hutu sai in rataya jaka in kama hanya. Matata takan ce, "Mutane suna zuwa gaishe da dangi, kai kana zuwa gaishe da ruwa." Ba na ko musu, don gaskiyarta ce.

A wannan yawon na koyi rarrabe su. Akwai dam na ƙasa irin na Tiga, wanda ake tara ƙasa ana dannewa, a sa yumɓu a tsakiya don kada ruwa ya ratsa. Akwai na duwatsu irin na Shiroro, an jibge duwatsu an shafe fuskarsu da kankare. Akwai na kankare zalla, wanda nauyinsa kawai ke tare ruwa, kamar tsakiyar na Kainji. Mai lanƙwasa kamar baka kuwa a littafi kawai na taɓa ganinsa. Duk inda na je sai na dami injiniyoyi da tambaya, ina rubutawa a wani tsohon littafi, kuma abu biyu suka fi nanata mini. Na farko, dole a bar wa kowane dam mafita, wato hanyar da rarar ruwa za ta bi ta wuce in ya cika, su suna ce mata sifilwe. Na biyu, dam na ƙasa yakan yi ɗan tsatsafo a gindinsa, kuma ba laifi muddin ruwan garau yake fitowa. Amma in ka ga ya fito da launin ƙasa, to bangon ne ke zaizayewa ta ciki, kuma kwanansa ya kusa ƙarewa. Wannan na sha faɗa wa ɗalibai a aji, har da buga tebur.

Surukina, wato mahaifin matata, tsohon shugaban leburori ne a layin dogo. Da ya bar aiki sai ya koma ƙauyensu a bayan duwatsun Kagoro, aka zaɓe shi dattijon ikilisiya. Mutum ne mai zuciya, in ya sa abu a gaba ba ya waiwaye. Abin da ke damunsa shi ne rafin ƙauyen yana ƙafewa tun kafin Ista, samari su watse zuwa Kaduna da Abuja yin acaɓa. Shi ya bi gida-gida yana lallashin mutane a tare rafin. Wasu suka yi masa dariya, ya ce musu shekara talatin yana cika ƙasa a ƙarƙashin jirgi, jirgi bai taɓa nutsewa ba. Rani biyu suka yi suna gayya, mata na ɗauko ƙasa a ka, maza na dannewa da gungume. Ruwa kuwa ya tsaya. Aka fara noman rani, tumatir da alayyahu da rake, aka zuba tarwaɗa, samari da dama suka dawo gida. Kowa a ƙauyen Dam ɗin Baba yake ce masa.

Ga abin kunyar. Ni da na je har Kainji, shekara uku ban taka na ga wannan ba, alhali tafiyar ba ta kai awa guda a babur ba. In na je gaisuwa, a tsakar gida nake tsayawa in juyo. A raina kududdufi ne kawai na mutanen ƙauye, me zan gani a wurin?

Ranar Asabar ɗin nan muka je da matata. Bayan mun sha faten acca, sai Baba ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ticha, yau kam sai ka gani dam namu. An ce ka san dam na duniya duka, ka zo ka gani na talakawa." Ashe ya riga ya aika wa dattawa, kafin mu kai bakin ruwa mutum shida na biye da mu.

Gaskiya aikin ya ba ni mamaki, bangon ya miƙe sosai, ka san hannun ma'aikaci ne. Sai dai tun daga nesa na fara ganin abin da bai yi mini ba. Sun jera itatuwan mangwaro da malaina a kan bangon, har sun fi mutum tsayi. Mutanenmu na kan dutse sun san saiwa ce ke riƙe ƙasa a gangare, da ita suke hana gonakinsu zaizayewa tun kakanni, don haka a ganinsu gata suka yi wa bangon. Ba su san a jikin dam saiwa hanya take buɗe wa ruwa ba. Da muka isa gefe, sai na tarar an toshe mafitar da buhunan yashi hawa uku, wai don a tara ruwa mai yawa kafin rani. Tsakanin ruwan da saman bango bai fi kamu ɗaya ba.

Sai Baba ya ja ni muka gangara gindin bangon, fuskarsa cike da murna. Ga wani ruwa yana ɓuɓɓugowa, an kewaye shi da duwatsu an gyara wurin tsaf. Ya nuna da sanda ya ce, "Wannan wata biyu ke nan da ya fito da kansa. Mun roƙi Ubangiji dam, ya ba mu, ya ƙara mana da idon ruwa."

Ruwan ja ne kamar kunun dawa. Na durƙusa na ɗebo a tafin hannu, na jira ya kwanta, sai ga laka da yashi a hannuna. Abin da nake buga wa tebur a aji, ga shi a tafin hannuna. Na ciro waya na ɗauki hotonsa, don kawai in sami abin yi da hannuna.

Da na miƙe, Baba ya tambaye ni a gaban kowa, "To Ticha, yaya ka gani aikin da mun yi?"

A wurinmu miji ba ya gyara wa uban matarsa magana a gaban mutane. Ko hularsa ce ta karkace, sai dai ka gaya wa matarka, ita ta gaya wa uwarta, uwar ta san yadda za ta yi da mijinta a ɗaka. Haka na taso na tarar, haka kuma nake yi shekara ashirin. Na dubi dattawan nan shida, na dubi tsohon da aka yi wa dariya har ya kai ga wannan rana, sai na ji bakina ya ce, "Baba, aiki ya yi kyau. Allah ya ƙara ƙarfi."

Ya yi dariya ya juya wurin mutanensa. "Kun ji ko? Wanda ya sani ya faɗa." Wani dattijo siriri, wanda gonarsa ce ta farko a ƙasan dam ɗin, ya ce a hankali, "Ni dai buhun nan ne ba na so, ruwa ya yi yawa." Baba ya ce, "Ticha ya gani buhu da idonsa, ya ce wani abu?" Dattijon ya dube ni, ni kuma na dubi takalmina. Da shiru kawai na yi, da da sauƙi. Amma na sa hannu a kan abin, na kuma rufe bakin mutum ɗaya tilo da ya hango gaskiya.

A hanyar komawa na gaya wa matata rabin zancen. Ta dafa kafaɗata daga bayan babur ta ce, "Dadi, in akwai matsala mu juya mana, ka faɗa masa." Na ce ba a yin haka da gaggawa, ta bari in dawo daga tafiya, in zana komai a takarda, mu same shi shi kaɗai. Tafiyar kuwa ta Shiroro ce, ni da abokaina biyu, mun daɗe muna neman izinin shiga sai lokacin aka ba mu. Na ce wa kaina dam ɗin da ya yi shekara uku a tsaye ba zai gagara kwana goma ba. Yanzu in na tuna, na san ba ladabi ne kaɗai ya hana ni juya babur ɗin ba. Ba na son a ɓata mini tafiya, kuma ba na son ganin fushin tsohon.

Kwana takwas bayan nan, ranar Lahadi, muna masauki a Minna ina ta nuna wa abokaina hotunan da na ɗauka, sai ga wayar matata. Ko gaisuwa ba ta yi ba. "Dam ɗin Baba ya fashe." An kwana uku ana ruwa a kan duwatsu, da safiyar nan bangon ya buɗe daidai inda idon ruwan yake. Abin da Allah ya taimaka, kowa yana coci ana sujada, ba wanda ke fadama. Suna cikin waƙa suka ji ƙara kamar ta jirgin kaya.

Washegari na isa. Tsakiyar bangon ta tafi gaba ɗaya, itatuwan mangwaro suna kwance saiwa a sama. Shinkafa da rake da gonakin citta na gangare duk yashi ya binne su, ga tarwaɗa a cikin laka suna ruɓewa. Gonar dattijon nan siriri ko kunya ɗaya ba ta rage ba. Na same shi a tsaye a tsakiyar yashin, na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba.

Bayan mako guda ikilisiya ta gayyato wani injiniya, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, aka taru a gindin bishiya a gaban coci. Ya yi bayani dalla-dalla, ya ce jan ruwan nan gargaɗi ne, da an cire buhunan an rage ruwan tun lokacin, da wataƙila bangon ya kai rani a gyara shi. Ya ƙara da cewa duk wanda ya san dam, kallo ɗaya zai yi ya gane. Sai wata murya daga baya ta ce, "Ai Ticha ya gani." Idanu suka dawo kaina. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ne ya miƙe, yana dogara sanda. Ya ce, "Ku bar ɗana. Shi malamin makaranta ne, taswira ne yana koya wa yara, ba injiniya ba ne. Ni na gina, ni na shuka itace, ni na sa buhu. Laifi nawa ne, ku yafe mini." A wurin ya ajiye dattijantakar ikilisiya, duk da Fasto ya roƙe shi.

Da la'asar na same shi a bayan rumbu yana ɓarar gyaɗa. Ya nuna mini kututture ya ce in zauna. Da na zauna sai ya ce, "Ranar nan na ga ka ɗiba ruwan a hannu, ka daɗe kana duba. Ka sani ko?"

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa. "Da ka faɗa mini, zan yi fushi, ba ƙarya. Kwana biyu, in ya yi yawa uku. Mamanku za ta ba ni haƙuri, in tafi in cire buhu. Fushi na kwana uku ne ka ji tsoro?" Ya ɗago ya dube ni, ba faɗa a fuskarsa, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Shekara ashirin ina cewa na samu ɗa, ashe baƙo ne na samu. Baƙo ne yana yabon miya ko ba gishiri."

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Bai sake tayar da maganar ba, kullum yana karɓata da fara'a, yana sa a yanka mini kaza. Amma bai ƙara nuna mini wani abu nasa ya ce yaya na gani ba, ko da ɗan akuya ne. Dam ɗin kuwa har yau ba a sake gina shi ba, samarin sun koma acaɓarsu. Ni ma tun daga Shiroro ban sake zuwa gaishe da ruwa ba, littafin nan nawa yana ƙasan akwati.

Na sha koya wa yara cewa ruwan da aka toshe wa mafita sai ya nemi tasa hanyar, amma ban san gaskiya ma haka take ba. Na ɗauka girmama babba shi ne ka faɗa masa abin da zai ji daɗi, ashe wani lokaci kanka kake karewa kana fakewa da kunya. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In ka ga ɓaraka a aikin wanda kake ƙauna, ja shi gefe ka gaya masa tun a ranar, ka sha fushinsa. Na guji fushin kwana uku, ga shi shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da haƙurin da tsohon nan ya yi da ni.