Robar Yaya Habi ba ta da rubutu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Habi, Allah Ya jiƙanta. Ba kowace shekara nake ɗaukar biro saboda ita ba, don na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutanen da suka riga suka san ta. Bana dai abu biyu suka haɗu mani: wani shiri da na ji a rediyo, da wata ziyara da na kai Kusada.

Yaya Habi mai gyaran amare ce. Duk yarinyar da aka sa wa rana daga Kusada har Mawashi da Kaikai, gidanta ake kai ta. Da farko dilka ce da lalle da kurkum, abin da ta koya wurin kakarmu. Daga baya iyayen amare suka fara cewa so suke yarinya ta yi haske kafin biki, sai haɗi ya shigo. Ranar kasuwar Kankiya takan zo, ta sauka wurina mu gaisa, sannan ta wuce rumfar masu man shafawa. Su kuma ba kwalba suke sayarwa ba, wa ke da kuɗin kwalba a ƙauye? Bokiti suke sarowa, su riƙa aunawa da cokali cikin duk robar da mutum ya zo da ita. Ta ɗebo kala uku ko huɗu, ta koma gida ta juye a kwano, ta cuɗa da hannunta, ta shafe amarya da hannun nan. Amarya sati biyu take yi ta tafi ɗakinta. Yaya kuwa shekara da shekaru hannunta na cikin kwanon.

Abin ya fara ne da takalmi. Ta ce mani ya matse ta, na ce ƙiba ce ta zo mata da tsufa, muka yi dariya. Sai fuska ta bi, ita ma ta kumbura. Da muka kai ta asibiti a Katsina, likita ya ce ƙoda ce, ya tambaya me take sha, me take shafawa. Da ya ji sana'arta sai ya ce a kawo mashi man ya ga abin da aka rubuta a jiki. Aka kawo. Tsohuwar robar man gyaɗa ce, ko harafi ɗaya babu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya aje. Bai ce man ne ya kashe ta ba, ni ma ba zan ce ba, kwana ne ya ƙare. Amma yadda ya aje robar nan har yau yana idona.

Kwanakin baya na ji a rediyo ana ta bayani cewa hukuma na sabunta dokokin kayan kwalliya. Wai dole kowane mai ya fito da sunan abin da ke cikinsa, a hana shigo da masu cutarwa, a riƙa zagaya manyan kasuwanni. Madalla, ban raina ba, wallahi da an yi tun tuni da ya fi. Sai dai ina zaune na riƙa jin muryar Yaya a kunnena, don na san ta da baki. Cewa za ta yi, “To, a jikin cokalin za su rubuta?” Rubutun yana can jikin bokiti, bokitin yana can birni. Abin da ke isowa Kusada farin mai ne a robar da aka wanke. Na leƙa rumfar nan ranar kasuwar da ta wuce, cokalin yana nan yana aiki, sai dai yanzu ɗan mai rumfar ne ke riƙe da shi.

Ɗiya ɗaya Yaya ta bari, Rukayya, kuma ita ta gaji sana'ar. Mijinta manomi ne, ƴaƴansu uku, da gyaran amaren nan ake cike gibin rani. Da na kai ziyarar nan Kusada na iske ta tsugune a tsakar gida, kwanon uwarta a gabanta, hannu tsundum a ciki. Raina ya ɓaci, na ce, “Rukayya, ba ki ga abin da ya faru da uwarki ba?”

Ba ta ko ɗago kai ba. “Inna, na gani. Na yi wata biyu da dilka zalla, babu wadda aka kawo mani. Uwar amarya haske take so. In ban haɗa ba, wata za ta haɗa.”

Ƙarya take yi? Na zauna, gajiya ta sauko mani har ƙashi.

Mutane na tuna Yaya Habi da alheri, kuma sun yi gaskiya. Marayu nawa ta gyara ba ta karɓi komai ba, ta kuma raka su har ɗakin miji. Wannan yana nan, yana bin ta in sha Allah. Kwanon ma yana nan, kuma shi ne ya hana ni sukuni.

Da Rukayya ta rako ni bakin titi neman mota, na lura ta take bayan takalminta tana ja. Na tsaya ina kallon ƙafar. Ta yi ƴar dariya ta ce, “Kwana biyun nan ne ya matse ni, Inna.”

Ban yi dariyar ba. Na koma cikin gidan na sami mijinta, muka yi magana, ya amince. Jibi zan kai ta asibiti, ko tana so ko ba ta so. Robar man da take haɗawa ma na riga na sa ta a jaka, don na san likita zai tambaya, na kuma san babu abin da zai karanta a jikinta.