Yunusa da Askar Baba Badaru

Da sunan Allah nake farawa. Surukata Amira ce ke rubuta abin da nake faɗa, labarin kuwa na mijinta ne, ɗana Yunusa.

A Auyo na haife shi, shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa har ya shigo tsakar gida. Ubansa, Allah ya jiƙansa, masunci ne. Tun Yunusa yana ƙarami shi ake ba taru ya duba, don idonsa ba ya tsallake inda ya yage. Ba shi da yawan magana. Da ya gama makaranta a Haɗejiya sai Allah ya ba shi aiki a filin jirgin sama na Dutse, cikin masu binciken kayan matafiya.

Da fari ban ga amfanin aikin ba. Na ce masa wai aikinka ke nan, leƙa jakar mutane? Ya ce ana yi ne don kada wani ya shiga da makami ya ƙwace jirgi a sama. Na tambaye shi ko binciken yana hanawa da gaske. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, na'ura takan yi kuskure, mutum ma yakan gaji, shi ya sa ba a dogara da abu ɗaya. Akwai kuma ƙofar matuƙin jirgi da ake kullewa ta ciki. Ya ce a da an fi yin wannan ɓarna, yanzu ta ragu ƙwarai. Na ce Allah ne mai tsarewa. Ya ce haka ne, Iya.

To, a Hajjin bara Baba Badaru ya samu kujera. Shi ne wanzamin gidanmu, shi ya yi wa Yunusa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Yana da wata aska da ya gada wajen ubansa, kuma ya ci burin da ita zai aske 'yan garinmu a Mina ranar da za a sauke harami. Wanzami ba ya yarda askarsa ta yi nisa da jikinsa. Maimakon ya sa ta a babbar jaka da aka riga aka tafi da ita, sai ya naɗe ta a tsumma ya jefa a jakar hannu tare da carbi.

Na'ura ta nuna ta. Yunusa ne kuma a wurin ran nan.

Ya ce, "Baba, akwai aska a jakar nan."

Baba Badaru ya ce, "Akwai. Ita ta aske ka kana kwana bakwai. Ka ga na yi kama da ɓarawon jirgi?"

Mutanen layi suka yi dariya. 'Yan garinmu suka sa baki, wai a bar tsoho ya wuce, wa bai san shi ba. Yunusa ya rusuna ya ce, "Baba, na san ka. Amma in na bar ka don na san ka, abokin aikina ma yana da wanda ya sani, ni kuma ban san nasa ba."

Tsohon ya ajiye askar ya wuce, ko waiwaye bai yi ba. Yunusa ya roƙi shugabansa aka rubuta sunan mai ita a jiki, ranar hutunsa ya hawo mota ya kawo mini ajiya. Na shafa mata man gyaɗa don kada ta yi tsatsa.

Kafin sati magana ta zaga gari, wai ɗana ya ci mutuncin wanzaminsa a gaban jama'a. Matar Baba Badaru ta daina amsa gaisuwata da kyau. Abin ya dame ni, don gidajen nan biyu ba su taɓa ɓatawa ba tun kakanni. Kullum bayan sallar asuba sai na roƙi Allah ya sanyaya zuciyar tsohon nan.

Kwana uku da dawowar alhazai sai ga sallamarsa a zaure. Na shimfiɗa masa tabarma. Ya daɗe yana ba ni labarin Arfa kafin ya zo kan jirgi. Ya ce da suka lula sama ya dubi mutane jingim, kusa da shi wani ƙato da bai taɓa gani ba, yana ta lalube a jaka. Wai hankalinsa bai kwanta ba sai da ya tuna wannan jakar ma ta bi ta hannun Yunusa.

Ya ce, "Iyan Yunusa, a kwalekwale in rigima ta tashi sai a gangara gaɓa. Can ina za a gangara?"

Na ɗauko masa askarsa. Ya warware tsumman, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya ce ban iya shafa mai ba, na cika mata. Daga nan ya ce Amira ta kira masa ɗan nan a waya. Yunusa yana ɗauka ya fara ba da haƙuri, tsohon ya katse shi, ya ce nasa ƙanen, Hussaini, zai tafi Hajji baɗi, yana so a gaya masa tun yanzu abin da ake shiga da shi da abin da ba a shiga da shi. Sun fi rabin awa suna magana. Da la'asar matarsa ta kawo mana dabino da ruwan zamzam da kanta.