Lomar Baba Sale

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Larabar da Baba Sale ya kai loma bakinsa. Lokacin watana biyar da fara aiki a sashen gashin ƙashi na wani ƙaramin asibiti a Yelwa. Ku da kuka zo bayana kun san halina, ba na kwana-kwana, ba ni kuma da haƙurin jira. To a lokacin na fi haka.

Ga wanda bai san aikin ba: ni ba nas ba ce, sakandare na gama aka ɗauke ni mataimakiya. Shugabar sashen ita ce Madam Comfort, 'yar kudu da ta daɗe a Bauchi. Ita ke duba mara lafiya ta rubuta irin motsin da zai yi. Nawa aikin in karɓi kati, in auna jini da nauyi, in tsaya a kan mutum ya yi abin da aka rubuta: matsa ƙwallon roba, ɗaga hannu a jikin bango, tsintar wake ɗai-ɗai daga wannan kwano zuwa wancan. Kowa rabin awa. Benci kuwa kullum a cike.

Baba Sale tela ne a kasuwar Muda Lawal kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Ƙafar ta fara dawowa, hannun ne ya ƙi. 'Yarsa Hajara ke kawo shi a keke napep daga Tirwun, Litinin da Laraba. Duk zuwa sai in ga nauyinsa ya ragu. Rannan Hajara ta ja ni gefe ta ce ba ya cin abinci. Ya ce tunda aka yaye shi bai taɓa ci da hagu ba, ba zai fara da furfura ba. In ta ce za ta ba shi a baki, sai ya juya fuska bango. Kunu kawai yake kurɓa, shi ma sai ya tokare gindin kofin da bayan hannun daman, don dai a ce da dama ya sha.

Likita ya yanke magana: in nauyin ya ci gaba da sauka, za a sa masa robar abinci ta hanci.

Sai Madam ta ce a riƙa zuwa da tuwo, cinsa ya zama motsin da zai yi. Litinin ɗin farko ya yi minti ashirin yana fama. Yatsun ba sa haɗuwa, da ya yanko sai lomar ta suɓuce. A benci wata mata tana ta tsaki. Ni ma raina ya gama ɓaci.

Na ce, “Baba, don Allah ka ci da hagu mu wuce wurin. Allah ya san lalurarka. Mutane na jira.”

Ban tsaya nan ba. Na kamo hannunsa na hagu na tsoma a kwanon.

Ya zare hannun a hankali, ya goge a gefen rigarsa. Ya ce, “'Yar nan, na san fatawar tun ba a haifi uwarki ba. Ba ita na zo nema ba. Hajara, rufe kwanon.”

Laraba bai zo ba. Litinin ma bai zo ba.

Madam ta kira ni ofishinta. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta.

“Rabi, ka ci abinci yau?”

“Na ci, Madam.”

“Loma nawa?”

Na ce wa ke ƙirga loma?

“Baba yana ƙirgawa,” in ji ta. “Ni ba Musulmi ba ne, amma na san abin da wannan hannu yake a wurinsa. Kai da ka tashi a ciki ba ka sani ba? In an sa masa roba, ba zai daɗe ba, na ga irinsu. Gobe ka je Tirwun.”

Na je. Na same shi a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na ce, “Baba, na yi rashin kunya. Ka yafe mini.”

Ya kalle ni. Ya ce, “Ke dai bakinki ya fi ki sauri. Zan zo. Amma ranar kada in ga kin duba agogo.”

Ranar Laraba Madam ta sa shi a ƙarshen layi, bayan azahar, benci ba kowa. Na zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu. Tuwon masara ne da miyar kuka. Ya yi bismillah.

Lomar farko ta faɗi a cinyarsa. Ta biyu ko kwanon ba ta bari ba. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake in taimaka, sai na danne su duka biyun a ƙarƙashin cinyoyina. Da ba ni da abin yi sai kallo, na fara ganin abin da ban taɓa gani ba. Ashe sai babban yatsa ya danna, sauran sun tallafe, wuyan hannu ya juya, gwiwar hannu ta lanƙwashe, kai ya sunkuyo ya tarbi abin a hanya. Duk wannan a loma ɗaya, abin da nake yi ina danna waya da ɗaya hannun.

Ban san ta nawa ba ce ta tsaya. Hannun na rawa, miya na bin damtsensa har gwiwar hannu, gumi ya jiƙa masa hula. Ta shiga.

Ya rufe ido yana taunawa, ya daɗe sosai. Ya ce, “Alhamdulillahi.” Sai ya buɗe ido ya ce, “Hajara, gishirinki ya yi yawa.”

Hajara ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta toshe baki da mayafi ta fita. Madam na tsaye a bakin ƙofa tana kallo. Loma huɗu ya ci a kusan awa guda, kowace da hamdalarta.

Ba a sa robar ba. Nauyin ya tsaya, daga baya ya fara hawa kaɗan-kaɗan. Hannun bai koma riƙe allura ba har Allah ya karɓi abinsa bayan damina ta zagayo. Da na je gaisuwa Hajara ta ce mini har ranar ƙarshe da hannunsa ya ci.

Ban zama mai haƙuri ba, kada in yi muku ƙarya, jiya ma na yi wa ɗayanku tsawa. Amma na gane aikin nan ba gama layi ba ne. Mutanen da ke zuwa mana ba manyan abubuwa suke roƙo ba. Wani so yake ya yi alwala da kansa, wata ta ɗaura ɗankwalinta, wani ya miƙa hannu a gaisa a masallaci. Mu muna yin waɗannan tun safe ba mu ko gode ba. Don haka in kun ga tsoho yana fama da maɓallin rigarsa, kada ku sa masa hannu. Ku jawo kujera ku zauna har ya gama.