Lalle a Ƙafar Soja

Damina ta yi nisa, kogin Kwara ya malala cikin fadamun shinkafa, ranar da Yayana ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidanmu a Bagudo yana ɗingishi. Soja ne, suna sintiri a dajin bakin iyaka ta wajen Illo. Hutun kwana huɗu aka ba shi.

Da ya cire takalmi a tsakar gida, Inna ta yi salati. Ruwa ya ci tsakanin yatsunsa, fatar ta yi fari ta tsattsage kamar jiƙaƙƙen rogo. Tafin takalmin ya buɗe baki. Ya ce an ba shi man shafawa, amma ina amfanin mai ga ƙafar da ke wuni a ruwa? Ko ta warke ko ba ta warke ba, da ita zai koma, da ita zai yi gudu in gudu ya kama.

Rediyon Inna na rataye a reshen mangwaro, ana tattauna kuɗin da ake ware wa tsaro: jiragen yaƙi, jirage marasa matuƙa, motoci masu sulke. Ni har na lula, ina hango wani tsuntsun ƙarfe yana shawagi bisa kogi yana gadin Yayana.

"Auta," in ji Inna, "ke da kika yi boko, kin ji sun ambaci takalmi?"

"Ban ji ba, Inna. Wataƙila yana ciki. Ƙananan abubuwa ba a faɗinsu a rediyo."

"Ƙanana," ta maimaita, idonta a kan ƙafar. "Tashi ki kwaɓa lalle."

Yaya ya zabura. "Lalle, Inna? Amarya ce ni?"

"Marigayi ubanku ya ƙare rayuwarsa a ruwa yana su. Da mi kake tsammanin ya riƙe ƙafafunsa?"

"Wallahi abokan aikina kashe ni za su yi da dariya."

"Su yi. Mai dariya ba shi zai goya ka ba ranar da ƙafa ta ƙi."

Ni na yi masa ƙunshin. Na cusa lallen tsakanin yatsu a hankali, yana cije leɓe, na naɗe da ganye da tsohon zanen Inna. Kwana uku yana zaune a tabarma da ƙafafu a miƙe, ina wucewa ina tambayarsa ko dangin ango sun iso, yana jifata da ƙwallon mangwaro. Takalmin kuwa baduku ya ɗinke shi a kasuwa.

Ran tafiya mikin ya kame. Ƙafar ta yi ja har idon sawu. Ya yi maza ya ja safa, ya taka ƙasa da ƙarfi sau biyu, bai yamutsa fuska ba. Inna ta juya kamar tana neman wani abu a madafa.

Bayan mako biyu ya kira ni.

"Auta, asiri ya tonu wajen alwala. Yanzu amarya suke ce mini."

"Ƙafar fa, Yaya?"

"Garau. Ki gaya wa Inna, mutum uku cikin masu dariyar suna son lalle. A ba direban Illo."

Da na faɗa mata, turmi kawai ta jawo. Rediyon na can yana maganar jirage. Ina fatan a sayo su, su yi ta shawagi bisa kansa. Na ɗauki taɓarya muka fara daka.