Neman Kabarin Jikan Jikan Hannatu a Guangzhou

Daga Kano

Tun kafin kiran assalatu maigidana ya kai ni filin jirgi. A 1998 ne, fitata ta farko saro yadi a ƙasar Sin. Muka kwana a Dubai, muka sauka Hong Kong, jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu Guangzhou.

Sanyuanli

Masaukina a wannan unguwa ba tsada, sai dai komai ka tambaya a ce maka "meyo", wato babu. Ina fama da mai shayi kan madara, sai na ji a bayana an ce, "Hajiya, a yi haƙuri, nan baƙin shayi suke sha."

Na waiga, tsohuwar Baturiya ce riƙe da sanda. Sunanta Mama Rut, ta taɓa koyarwa a Zariya tana budurwa.

"Mama, ke ma saro kika zo?"

"A'a, 'yata, kabari nake nema."

Ta ce asalin gidansu wata mata ce, Hannatu, 'yar ɗarikar Kiristoci da ake kira Kwaka. An tsananta musu a Ingila, mijinta ya rasu a kurkuku, ta kwashi 'ya'yanta ta haye teku zuwa Amurka. Ta sare daji ta yi gona, ta buɗe kanti. Mutanen ɗarikar ba sa rantsuwa, ba sa ciniki, farashi ɗaya suke faɗa.

"Ba tayi, ba ragi? Da a Kantin Kwari take, da yunwa ta kashe ta!"

Mama Rut ta yi dariya har da tari. Ta ce an san makwancin kowa a zuriyar, ban da wani jikan jikan Hannatu, matuƙin jirgin ruwa da ya zo nan sayen ganyen shayi bai koma ba. Ita kuma gwiwa ta hana ta zuwa ita kaɗai, ga shi jibi za ta tafi. Na ɗage shiga kasuwa don in raka ta.

Tsibiri

Tasi ta kai mu bakin kogi, kwalekwale mai inji ya haye da mu. Makabartar baƙi na kan tudu. Na riƙe hannunta muna hawa, muna karanta manyan duwatsu masu ado, babu shi. Har ta ce mu koma. Sai na yi tuntuɓe da wani ɗan dutse cikin ciyawa, ba zane, suna kawai. Na goge shi da bakin mayafina.

"Shi ne," in ji ta. "Namu ba sa ƙawata kabari."

Ta ce ibadarsu zama ce shiru. Muka zauna, ita da tata ibadar, ni ina tasbihi a zuci, har inuwa ta juya.

Gida

Na sari yadina a kasuwar Canaan, na dawo Kano lafiya, alhamdulillahi. Ina godiya ga maigidana da ya tare ni, ya saurari labarin duka, sannan ya ce, "Kabarin na yarda. Amma ke ki zauna shiru har inuwa ta juya? Sai kin kawo shaida."