Idon Inna da Bakin Baffa

Salaga, Litinin

Ladan bai kira assalatu ba muka fito, ina riƙe da hannun Inna, ita kuma tana riƙe da jakar da ta ɓoye tsinken kitsonta a ciki. Na ce, "Inna, asibiti fa za mu, ba gidan biki ba." Ta ce in bar mata kayanta.

Inna makitsiya ce, da kitso ta ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu. Tun tana budurwa idonta na nesa ne. Za ta gane mai tahowa tun daga bakin kasuwa, amma kan da ke tsakanin gwiwoyinta sai da tabarau, shi kuma gumi ya yi ta zamo da shi kan hanci. Da yanar ido ta rufe na dama ta fara cin na hagu, sai nesan ma ya tafi. Mata suka daina zuwa kitso ɗaya bayan ɗaya.

Motarmu ta cika bayan sallah. Hanyar Tamale kuwa, wanda ya bi ta ya sani. A Kpalbe ɗan sanda ya leƙo ta taga ya ce, "Tsohuwa ya je ina?"

Direba ya ce, "Ya tafi gyaran ido."

"To ya gyara ya dawo ya ga ramin da ya faɗa yau."

Kowa ya yi dariya ban da ni, don ƙuguna ya riga ya gaya mini.

Tamale, Zogbeli

Kafin azahar muka sauka. Yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ya kai mu gidan Baffa Isiyaka, ƙanen mahaifina, wanda Inna ke kira Alhaji. Baffa mai masauki ne a kasuwar shanu. In baƙo ya kawo dabba, Baffa ne bakinsa, shi ke ciniki, baƙo ya yi shiru ya karɓi abin da aka tsayar. Ya tarbe mu hannu bibbiyu da tuwon zafi da miyar ayoyo. Wannan kam ba zan ci amanarsa ba.

Kanvili, Talata

Asibitin idon yana wajen Kanvili, kuma mutum ɗaya ke shiga da mara lafiya. Na miƙe, Baffa ya ɗaga mini hannu. "Zauna, Rabi. Baƙuwata ce." Shi likitan, Turanci da Dagbanci yake ji, Inna ba ta jin ko ɗaya. Da suka fito ta ce an haska, an auna, likita ya yi dogon bayani, Alhaji ya amsa a taƙaice.

Sai bayan la'asar Baffa ya ba ni labari, yana shan shayi yana jin daɗin kansa. In an cire yanar, ɗan gilashi ake dasawa a cikin idon, kuma ba abin da ake sakewa ba ne kamar riga. Akwai wanda ake saitawa don nesa, akwai na kusa. Wanda ka bari, sai da tabarau za ka same shi.

"Na ce a sa na nesa," in ji shi.

"Baffa, an tambaye ta?"

"An tambaye ni. Wane mai hankali zai zaɓi ganin hancinsa ya bar ganin hanya?"

Wallahi zuciyata ta tafasa. Ido nata, wuƙa a kanta za ta sauka, amma an gama ciniki tana zaune kamar saniyar baƙo! Ban ga laifin likita ba, ya yi tambaya, kuma yawancin mutane na nesan suke ɗauka. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na shiga na gaya wa Inna. Ta ce, "Alhaji ya gama magana, Rabi. Tuwonsa muke ci." Wannan ya fi maganar Baffa ƙona mini rai.

Kanvili, Laraba

Ranar aiki ke nan. Na tare wata ma'aikaciyar jinya 'yar zango mai jin Hausa, Sista Fati, na ce mata uwata ba ta san abin da aka zaɓa mata ba sai jiya.

"Ei! Mama bai faɗa da bakinshi ba?" Ta ajiye abin da ke hannunta ta kira likita.

Likita ya durƙusa gaban Inna ya maimaita tambayarsa, Sista tana fassarawa. Baffa ya ce, "Ai na riga na faɗa." Inna ta sunkuyar da kai har na ɗauka kunya ta sake cinye mu. Can ta laluba jakarta ta fito da tsinken nan.

"Ɗana," ta ce, "nesa na gan ta tun ina yarinya, ban taɓa cin loma ɗaya daga can ba. Abincina a nan yake." Ta nuna tsakanin gwiwoyinta.

Likita ya gargaɗe ta: hanya za ta yi mata dishi-dishi, ba tsallaka titi sai da tabarau, kuma in an zo na hagu haka za a bi. Ta ce ta ji, ta yarda. Gilashin kusa daidai awonta ba ya hannu, aka ɗaga aikin zuwa Juma'a. Baffa ya kaɗe rigarsa ya ce, "Tunda kun yi baki, sai ku yi," ya fice. Tuwo bai daina zuwa ɗakinmu ba, amma gaisuwata da ka yake amsawa. Ranar Juma'a aka yi aiki lafiya, washegari aka cire auduga.

Komawa gida

Baffa bai raka mu tasha ba. Inna ta ji zafin wannan, ni ban ji ba. A mota ba ta kalli taga ba, tafin hannunta ta yi ta juyawa tana dubawa har Salaga. Muka iso gab da magariba, maƙwabta na yi mana barka Inna na tambayata wace ce waccan, don a bakin ƙofa suke tsaye, can kuma ya yi wa idonta nisa.

Alhamdu lillahi da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa likita da Sista Fati. Baffa ma na gode da masauki, amma har gobe ban sauka daga fushina ba.

Da likita ya ba ta izinin sunkuyawa, ni ta fara kira. Na zauna tsakanin gwiwoyinta, ba tabarau a fuskarta. Ta tsaga gashina da tsinke, sai hannunta ya tsaya.

"Rabi, yaushe kika yi furfura haka?"

"An daɗe, Inna."

Ta shafa wurin da ɗan yatsa a hankali. Ta ce, "Sunkuya. Ta nan zan fara."